Yadda za ka zana aikin kalsiyam a jijiyar jinin ƙwaƙwalwa har ya zauna maka

Duk ɗalibin likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya san wannan darasi ba ya haddatuwa ta daɗi, balle a zafin Sakkwato na watan Afrilu. Ni dai zane ya fisshe ni. Samo farar takarda da biro biyu, ja da shuɗi.

Fara da ƙwayar tsoka guda, doguwa mai tsini a bakin nan biyu kamar ƙwallon dabino. Irinta ne ke naɗe da bangon jijiya: in sun matse hanya ta ƙuntata, in sun saki jini ya wuce. Yayyafa jajayen ɗigo birjik a waje, ciki kuwa ɗaya tak, domin kalsiyam na waje ya ninka na ciki kusan sau 10,000. Buɗe ƙofa a jikin bangon ƙwayar, ka rubuta L. Ta nan na waje ke shigowa, kuma ita ce su amlodifin, magungunan hawan jini, ke tarewa.

Sai rumbun ajiyar kalsiyam. Zana shi a ciki, ka cika shi da ja. Sunansa sakoplasmik retikulum. Mai yi masa ɗura shi ne famfon SERCA, da ƙarfin ATP, makamashin ƙwayar, yake aiki. Ƙofofinsa biyu ne, ta IP3 da ta rayanodin.

Daga ƙofar IP3 ja layi ya ratsa ƙwayar. Kalsiyam ya bazu, ya kama furotin mai suna kalmodulin, a tayar da mayosin, furotin mai jan tsoka, tsoka ta matse. Wannan kowa na kawo shi.

Ƙofar rayanodin ce ke kayar da mutane a jarrabawa, don haka kada ka yi mata gaggawa. Matso da gefen rumbun dab da bangon ƙwayar, kamar rumbun da aka gina jikin katanga. Abin da ke fita nan ɗan tartsatsin kalsiyam ne, bai isa ya cika ɗaki ba, amma yana faɗawa kan wata ƙofa mai suna BK. Ɗauki shuɗin biro: BK ta buɗe, fotasiyam ya fice, cajin lantarkin cikin ƙwayar ya ƙara zama nagatif, ƙofar L ta rufe, jijiya ta saki. Kalsiyam ɗin da ka sani da matsewa, ga shi nan yana sassautawa. Mark Nelson da abokan aikinsa a Jami'ar Bamont ta Amurka ne suka nuna haka a 1995, a jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓera.

Yanzu gwada zanen. Ɗora yatsa kan ƙofar rayanodin ka tambayi abokin karatunka: "Malam, jijiyar nan buɗewa za ta yi ko matsewa?" In ya ce matsewa, miƙa masa shuɗin biron ya sake bin layin daga BK.