Kyautar kula da lafiya a wurin aiki: inda ake kuskure da yadda za a gyara

Hawan jini da ciwon suga ba sa yin sallama. Mutum yana zuwa ofis kullum, yana raha da abokan aiki, sai ranar da aka kwashe shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato ɓarin jikinsa ya shanye, sannan iyalinsa su ji cewa jininsa ya daɗe da hawa. Saboda haka duk shugaban da ya ware kuɗi don ma'aikatansa su auna jini, su motsa jiki, su bar sigari, har ya sa kyauta a kai, ya yi abin a yaba masa. Damuwata ita ce kuɗin nan kan tafi inda ba a nufa ba, kuma kurakuran da ke jawo haka kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Mafi girmansu shi ne kyautar takan faɗa hannun wanda dama lafiyarsa lau. A sa tattakin Asabar da safe daga ofis zuwa filin wasa na Giginya, a ce akwai kyauta, a duba waɗanda za su fito. Matasa ne masu buga ƙwallo da yamma, da manyan jami'ai masu mota da takalmin gudu. Direban da ya kwana a hanyar Gusau ba zai zo ba. Mai gadin da ya tashi aikin dare barci yake yi. Mai shara da ke zaune can Mabera ko Arkilla sai ta biya kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa a ranar da ba ta aiki ba, to me zai fito da ita? Alhali a cikin waɗannan ne aka fi samun wanda bai taɓa sa hannunsa a na'urar awon jini ba. Wannan ban ruwa ne ga shukar da ke bakin gulbi, an bar ta tudu tana bushewa.

Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. A Jami'ar Illinois ta Amurka an gwada irin wannan shiri a kan ma'aikata kusan 5,000, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka gayyace su shirin, wasu aka bar su. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa waɗanda suka amsa gayyata dama tun kafin shirin sun fi sauran kula da jikinsu, kuma kuɗin asibitinsu ya fi ƙanƙanta. Masu ƙaramin albashi sun fi yawa a cikin waɗanda suka ƙi zuwa. Da aka kwatanta rukunin biyu gaba ɗaya, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba a kuɗin magani ko fashin aiki. Wanda ya dubi masu halarta kaɗai zai rantse shirin ya yi aiki, domin mutane ne masu ƙoshin lafiya yake gani a gabansa.

Gyaran yana farawa ne daga rajista. Maimakon a ƙirga waɗanda suka zo, a fitar da sunayen waɗanda ba su zo ba, a tambayi dalili. A ɗauki na'urar awo a kai ta garejin direbobi, a kai ta ɗakin masu gadi lokacin canjin aiki, a yi komai cikin lokacin aiki ba ranar hutu ba. Ma'aikatan wucin gadi da leburori su shiga, ko da sunansu ba ya cikin takardar albashi ta dindindin. Idan kuma za a ƙirga taku da waya, a tuna masinjan da ke hawa bene da sauka da fayil tun safe ya fi kowa tafiya a ofishin, amma ƙaramar waya ce a aljihunsa, ba ta ƙirga komai. A samo masa wata hanya, ko a bar ƙirgen taku ɗin.

Sai kuskuren sa kyauta a kan sakamako maimakon a kan aikin da mutum ke da iko da shi. Gasar rage ƙiba ita ce misalin da aka fi gani: wanda ya fi zubar da kilo cikin wata ɗaya ya ɗauki firji. Abin da ke biyo baya ba lafiya ba ne. Wani ya daina cin abinci kwana uku kafin awo, wani ya sha jiƙe-jiƙen da ke sa gudawa, wani ya ƙi shan ruwa a garin da zafinsa kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Mai ciwon suga da ke shan magani idan ya shiga irin wannan yunwa, sugansa na iya faɗuwa ya some. Bayan gasa kuma nauyin ya dawo. Jiki ma ba ɗaya ba ne, akwai gado, akwai shekaru, akwai magungunan da ke sa ƙiba, akwai mace mai jego. A sa kyautar a kan abin da kowa zai iya yi idan ya so: ya zo awo, ya koma ganin likita a ranar da aka ba shi, ya karɓi maganinsa na wata, ya halarci tafiyar ƙafa sau uku a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa a kowace rana har kwana biyar. Wannan ma'auni ne da darakta da masinja duk za su iya cikawa.

Lokacin ba da kyautar ma yana da nasa tasiri, kuma an cika raina shi. A ce wa mutum ya yi ƙoƙari yanzu, za a ba shi ladansa a bikin ƙarshen shekara, ko za a cusa shi cikin albashi. Kuɗin da ya shiga albashi ya ɓace, domin kafin ya shigo an riga an raba shi tsakanin mai shago, kuɗin makaranta da adashi. A Jami'ar Pennsylvania an yi wa ma'aikata masu ƙiba alkawarin dala 550 ta hanyar rage musu kuɗin inshorar lafiya idan suka rage nauyi, kuma bayan shekara nauyinsu bai bambanta da na waɗanda ba a yi wa alkawarin komai ba. Ƙaramin abu da mutum zai riƙe a hannunsa ranar Alhamis ya fi babban abu da zai jira wata goma. Katin waya, mudun wake, kuɗin man babur. Ba kuma sai an zuba kuɗi mai yawa ba: a binciken Illinois, dala 100 ta ɗaga masu zuwa awo daga kashi 47 cikin ɗari zuwa 59, amma da aka ninka ta zuwa 200 ƙarin kashi 4 kawai aka samu. Abin da ba ya gyaruwa shi ne saɓa alkawari. Ranar da wani dattijo ya tsaya gaban shugaban sashe ya ce, "Ranka shi daɗe, mun yi abin da anka ce, ina alkawalinmu?" aka ce masa takarda na ofishin akanta, ranar shirin ya mutu. Haka nan wurin da ma'aikata ke bin bashin alawus, a fara biyan bashin kafin a zo musu da zancen kyauta.

Akwai kuma masu yin abin sau ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Hali ba ya canzawa da yini ɗaya, musamman shan sigari. Kamfanin General Electric ya gwada wani tsari a kan ma'aikata 878 masu shan sigari, aka buga sakamakon a 2009. An raba kyautar dala 750 gida uku: 100 ga wanda ya kammala darussan barin sigari, 250 idan gwaji ya tabbatar ya bari cikin wata shida, sai 400 idan ya ƙara wata shida bai koma ba. Kashi 14.7 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa alkawarin kuɗi suka bari, a rukunin da ba a yi wa alkawarin kuɗi ba kuwa kashi 5. Bayan an daina biya wasu sun koma, adadin ya sauka zuwa 9.4 da 3.6, amma ratar ba ta rufe ba. Abin lura shi ne kaso mafi tsoka an ajiye shi ne a ƙarshe, inda wahalar take, kuma ba a dogara da faɗar baki ba. Ko naira dubu goma ce aka ware wa mutum ɗaya, a raba ta haka.

Wasu shugabannin kan juya abin ya zama horo: wanda bai zo motsa jiki ba a yanke masa wani abu, ko kowa ya ajiye kuɗinsa, in ya kasa cika sharaɗi ya yi asara. Gaskiya ne tsoron asara yana motsa mutum. Amma a wani gwaji da aka yi da ma'aikatan kamfanin CVS a Amurka, wanda aka buga a 2015, kashi 90 cikin ɗari sun amince da tsarin kyauta zalla, yayin da kusan kashi 14 kacal suka yarda su ajiye dala 150 tasu. Wannan a Amurka ke nan. A nan, inda mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake naira 70,000 tun 2024, taɓa albashin mutum da sunan lafiyarsa zalunci ne, kuma zai sa ya tsani shirin da mai shirin. Ga shi kuma a Sakkwato duk tsarin da mutum zai zuba kuɗinsa ya ci ko ya yi asara, da yawa za su ga ya yi kama da caca su ja baya. Kafin a kawo wani abu mai kama da haka a tuntuɓi malamai, ko a tsaya ga kyauta kawai.

Batun sirri kuwa ina ganin ya fi duk waɗannan saurin kashe shiri. An jera kujeru a farfajiyar ofis, ma'aikaciyar jinya na auna jini tana faɗin lamba da ƙarfi, na bayan layi na ji. Ko a ɗora mace a kan sikeli gaban maza. Ko a manna sakamako a allon sanarwa, ko takardun su kwana a teburin shugaban ma'aikata. Mutumin da ke tsoron a ce ya tsufa ko ba shi da lafiya a sallame shi, ba kyautar da za ta kawo shi wurin nan. Doka ma tana bayansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman, dokar hana nuna wariya ga masu cutar ƙanjamau ta 2014 kuma ta hana a tilasta gwajin cutar a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. A ware ɗaki mai ƙofa, mata su samu mace ta duba su, sakamako ya tsaya tsakanin mutum da ma'aikacin lafiya. Abin da shugabanni ke buƙata jimla ce kawai: mutum nawa aka auna, nawa aka tura asibiti, ba tare da suna ba.

Tsarin da aka kwafo daga wata ƙasa sai an daidaita shi da garin nan. Motsa jiki da azahar a bazara haɗari ne, a mayar da shi bayan asuba ko bayan la'asar. Ƙurar hunturu na tayar da asma, a samu wuri a rufe. Cikin azumi a sassauta sharaɗi, a mayar da kyautar kan masu ciwon suga da hawan jini su ga likita kafin watan ya kama, a daidaita musu lokutan shan magani. Mata da yawa ba za su yi atisaye a fili gaban maza ba, kuma idan ba a ware musu wuri da lokaci ba, an cire su daga kyautar tun kafin a fara. A kuma dubi kyautar kanta. Ba daidai ba ne a gama lacca kan ciwon suga a raba katan-katan na lemon kwalba, ko a ce gishiri kada ya wuce giram 5 a yini sannan a ba wanda ya yi nasara kwalin magi.

Na bar wannan a ƙarshe domin shi ne inda ake barin mutum a tsakiyar hanya. An auna direba, an ga jininsa ya kai 160 bisa 100, an ba shi riga da hula, an ce ya je asibiti. Da wane kuɗi, a kuma wace rana? Maganin hawan jini ba na mako ɗaya ba ne, galibi na tsawon rai ne. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga 'yan Najeriya, jihar Sakkwato kuma tana da hukumarta ta inshorar lafiya, wato SOCHEMA. Kafin a sayi riga ko kofi, a tabbatar kowane ma'aikaci yana da rajista da katinsa a hannu, a ba shi izinin zuwa asibiti ba tare da an rubuta masa fashi ba, a ajiye na'urar awon jini ɗaya a ofis da wanda ya iya amfani da ita. Bayan wata shida a sake auna waɗanda aka samu jininsu ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ga nawa ne ke shan magani, nawa ne nasu ya sauka, kuma nawa ne daga cikinsu direbobi, masu gadi da masu shara.