Yadda ake neman bizar aikin gona a Birtaniya

Gonakin Birtaniya kan rasa masu tsinkar 'ya'yan itatuwa, don 'yan ƙasa ba sa son aikin, shi ya sa ake ɗauko baƙi da bizar wata 6. Manomi ba ya ba da takardar ɗaukar nauyi, wadda da ita ake neman bizar, sai kamfanin da gwamnati ta ba lasisi. Fara duba sunansa a shafin gwamnatin Birtaniya, gov.uk.

Sai ka kai shekara 18, ka nuna fam 1,270 da suka kwana 28 a asusunka, in ba kamfanin ya tsaya maka ba. Ana neman bizar cikin wata 3 kafin fara aiki, kuma ba a tafiya da iyali.

Dillalin da ya ce ka biya kuɗin gurbi damfararka zai yi, doka ta hana. Yawancin guraben ma 'yan Kirgizistan da maƙwabtansu na Asiya ta Tsakiya ke samu.