Yadda Ake Zaɓen Maɗaukin Sauti na Jitar Lantarki Domin Amon Tsohon Kiɗan Rok

Duk wanda yake neman amon kiɗan rok na shekarun 1960 da 1970 ya kamata ya fara da cire kwaɗayin maɗaukin sauti mai ƙarfi daga ransa, domin kaushin da ake ji a faifan wancan zamani yawanci daga amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai kwalaben lantarki yake fitowa, wadda aka ƙure wa murya har ta fara gurnani. Maɗaukin, wanda ba komai ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, aikinsa ya kai wa amfilifaya sauti mai tsabta.

A ganina mafi dacewa shi ne hambaka, mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙira a kamfanin Gibson, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, ana kiransa PAF. Naɗin biyu suna kashe ƙugin lantarki, su ba da sauti mai kauri. Ka nemi mai juriyar lantarki tsakanin kilo-om (ma'aunin juriyar) 7.5 da 8.5, kamar Seymour Duncan '59 ko Gibson Burstbucker, sannan ka duba maganaɗisunsa: Alnico II yana da taushi da zaƙi, Alnico V kuwa ya fi kaifi, yana kuma riƙe ƙananan sautuka kada su yi sako-sako. Masu maganaɗisun siramik, irin DiMarzio Super Distortion, sun fi karkata ga kiɗa mai nauyi.

Idan jitarka Stratocaster ce, mai naɗi ɗaya na kimanin kilo-om 6 ya wadatar, sai dai ka haƙura da ɗan ƙugi. P-90, wani maɗaukin Gibson mai naɗi ɗaya mai faɗi, sautinsa yana tsakanin na hambaka da na Stratocaster.

Amma kafin ka kashe kuɗi, ɗauki sukudireba. Danna tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan jita, ka bar tazarar kimanin milimita 2 tsakaninta da maɗaukin, ka riƙa juya sukurun da ke ɗaga maɗaukin ko sauke shi rabi-rabi kana kaɗawa kana saurare. Na sha ganin maɗaukin da aka yanke wa ƙauna ya farfaɗo da wannan gyara kaɗai. Mai naɗi ɗaya idan ya matso da yawa, maganaɗisunsa yakan ja tsirkiya har sauti ya riƙa rawa. Ka kuma tabbatar maɓallin murya ya dace: kilo-om 500 ga hambaka, 250 ga mai naɗi ɗaya, in ba haka ba hambakan zai dushe.