Yadda za a gane masu gadin gawa a kayan tarihin Masar

Mutanen Kano da ke zuwa Alƙahira karatu a Azhar, ko neman lafiya, ko sarin kaya, sukan leƙa gidajen tarihi su fito suna cewa gumaka ne kawai suka gani, alhali kowane gunki yana da aikin da Misirawan dā suka yi imani yana yi wa mamaci. Hanyar gane su ita ce a fara da duban kai, domin jikinsu kusan iri ɗaya ne.

A fara da tuluna huɗu da ake ajiyewa kusa da akwatin gawa. Aikin shirya gawa yakan ɗauki kwana 70, ana busar da ita da kanwa, irin wadda ake sayarwa a kasuwar Kurmi, sannan a zuba kayan ciki a tulunan, kowanne ƙarƙashin kulawar ɗaya daga cikin 'ya'yan Horus, babban abin bautar Misirawan dā. Murfi mai kan mutum Imseti ne, mai tsaron hanta. Kan gwaggon biri Hafi ne, na huhu. Kan dila Duwamutef ne, na tumbi. Kan shaho kuwa Ƙebesenuf ne, na hanji. Idan aka tarar da murafen duka kan mutum ne, mai yiwuwa tulunan na zamanin da ya gabaci wannan salo ne.

Ba za a ga tulun zuciya ba, domin a ƙirji ake barinta. Sun yi imani cewa Anubis, abin bautarsu mai baƙin kan dila, zai auna ta da gashin tsuntsu na Ma'at, gunkiyar gaskiya da adalci, kuma idan ta yi nauyi, wata dabba mai kan kada za ta haɗiye ta. Shi ya sa ake ɗora layar buzuzu ta dutse a ƙirjin mamaci, da rubutun da ke roƙon zuciyar kada ta ba da shaida a kan mai ita.

Gumakan mata sun fi wuyar rarrabewa, tunda fuskarsu ta mutane ce, sai a dubi abin da ke bisa kansu: Isis kujerar sarauta, Neftis gida da kwando a samansa, Serket kunama. Wurin da ya fi dacewa a gwada wannan shi ne ma'ajiyar kayan cikin Fir'auna Tutankamun, wadda aka samu a kabarinsa da Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi Howard Carter ya gano a 1922, inda su ukun da ta huɗunsu, Neit, suke tsaye cikin ruwan zinariya, kowace ta buɗe hannuwa tana kare ɓangarenta.