Rubutun gargaɗin cutar kansa a jikin kaya: ga masu shirin tafiya da waɗanda suka sauka kwanan nan

Salam 'yan'uwa. Wannan na rubuta shi ne saboda ƙannenmu da ke barin Kano zuwa Amurka da Turai, ɗalibai da amare da masu zuwa aiki, dan tambayar nan ta ƙi ƙarewa, kusan duk wanda ya sauka sai ya turo hoto a WhatsApp hankali a tashe wai ya sayi tukunya ko caja ko jakar makarantar yaro ya ga an rubuta WARNING, wai abin na iya jawo cutar kansa ko ya taɓa jariri a ciki. Har nan gida ma ana ganin sa, duba kayan gwanjo a Ƙofar Wambai ko kwalin kayan waya a Farm Centre, wata rana za ka ci karo da alamar nan ruwan ɗorawa mai kusurwa uku.

Toh ku kwantar da hankalinku. Rubutun nan na jiha ɗaya ne a Amurka, Kalifoniya. A 1986 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a suka amince da wata doka da kowa ke kira Prop 65, wadda ta ce duk kamfanin da ke da ma'aikata 10 zuwa sama dole ya sanar da mutane in kayansa na ɗauke da sinadarin da jihar ta lissafa cikin masu jawo kansa ko illa ga haihuwa. Sunayen sinadaran yanzu sun kai wajen 900. Dokar ba ta hana sayar da kayan ba, cewa kawai ta yi a faɗa. Kuma ma'aunin da suka sa ƙasa yake sosai, a ɓangaren cutar kansa ana maganar mutum 1 cikin 100,000 ne zai iya kamuwa in an yi shekara 70 ana mu'amala da abin, a ɓangaren haihuwa kuwa sai da suka raba adadin da aka ga bai yi illa ba gida 1,000.

Abin da ya sa rubutun ya cika ko'ina shine kotu. Dokar ta ba kowane mutum damar ya maka kamfani ƙara, ba sai gwamnati ba, zai ba da notis na kwana 60, tara tana iya kaiwa dala 2,500 kullum a kan kowane laifi, mai ƙara ya ɗau kashi 25 cikin ɗari na tarar, lauyansa kuma kamfanin ne yawanci ke biyan sa in an sasanta. Akwai lauyoyin da wannan ce sana'arsu gaba ɗaya. Shi kuma ɗan kasuwa da ya duba kuɗin gwaji a lab da kuɗin shari'a sai ya ga sitika ta fi araha, ya manna a komai, kuma tunda ba zai buga kwali daban dan jiha ɗaya ba sai kai da ke Texas ko Maryland ko Kanada ka gan shi. Wajen fakin ɗin mota akwai allon, otal akwai, har Disneyland. A 2018 wani alƙali a Los Angeles ya yanke cewa kofi ma sai an sa masa gargaɗi saboda wani sinadari da ke fitowa in an soya 'ya'yan kofin, sai a 2019 hukumar jihar ta cire kofi daga ciki.

Ni a ganina nan ne dokar ta cuci kanta, dan in kullum ana ihun ɓarawo ranar da ɓarawon gaske ya shigo ba mai fitowa. Amma kar ku ce duk shirme ne. Tun Agustan 2018 cikakken gargaɗin yana faɗin sunan sinadari aƙalla ɗaya, toh karanta sunan. In a jikin guduma ne ko wayar wuta, wanke hannu bayan aiki ya wadatar. In kuwa abin ci ne, ko kwanon cin abinci, ko abin da yaro zai sa a baki, ko ke 'yar'uwa kina da juna biyu, kuma aka ambaci dalma, ajiye shi ki nemi wani, kasuwar a cike take. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba, mun ga abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Gargaɗin da ba a wasa da shi ko kaɗan shine na jikin kayan wanke banɗaki da maganin ƙwari da fenti. A Ingila da ƙasashen Turai za ku ga hoto cikin jan layi, ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ko harshen wuta, ko ruwa na cin hannu. Wannan ba tsoron lauya ba ne, illar nan take ce. Kar a haɗa bilic da wani ruwan wanki dan wai ya fi fitar da datti, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum, ga gidajen can a rufe suke ruf lokacin sanyi ba kamar namu da tsakar gida ba. Masu Amurka ku ajiye lambar nan a waya, 1-800-222-1222, ta masu ba da shawara ce in yaro ya sha wani abu, kyauta ce dare da rana.

Sannan abin da ya fi damuna, kayan da muke cusawa a akwati kafin mu nufi filin jirgin Malam Aminu, su ba rubutu ko ɗaya a jikinsu. Kwalli na gaba-gaba. Hajiya za ta ƙulla miki shi da zuciya ɗaya dan idon jariri, amma a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoton wani jariri ɗan iyayen Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta can, FDA, ba ta yarda a shigo da irin wannan kwallin Amurka ba. Haka man bilicin da ake haɗawa ba suna ba lamba, wasu akwai sinadarin makuri mai guba a ciki, yana shiga tawul da zanin gado ya kai ga yara. Fiya-fiya da Sniper kuwa dan Allah a bar su, in kyankyaso ko kuɗin cizo ya dame ku ku kira mai gidan, a mafi yawan wurare nauyin a kansa yake.

Maganar ƙara kuma, kar labarin miliyoyi ya ruɗe ku. Eh gaskiya ne a 2018 kotu a San Francisco ta ba wani mai kula da filin makaranta dala miliyan 289 a kan maganin ciyawa Roundup, amma daga baya an zaftare kuɗin zuwa wajen miliyan 20, kuma mutumin cutar kansa ce ke cin jikinsa. Ganin sitika kaɗai ba ya kawo diyya, hasali ma kamfanin ya sa ta ne dan ya ce ai na faɗa maka. In kaya ya ji maka ciwo da gaske, je asibiti tukun, kar ka yar da kayan, ajiye kwali da rasit, ɗauki hoto. Lauyoyin irin wannan ƙara galibi ba sa karɓar komai sai an ci nasara, sai su ɗau wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma akwai wa'adi, a Kalifoniya shekara 2 ne ga wanda ya ji rauni, wasu jihohin daban.

Ku kuma masu niyyar ƙaramar sana'a, turaren wuta, humra, yaji, kayan mata, tukwane daga Kurmi, ku sani dokar da kuke tsoro a matsayin masu saye tana iya juyowa kanku a matsayin masu sayarwa. Ƙarancin ma'aikata na iya fitar da ku daga Prop 65, amma bai fitar da ku daga ƙarar wanda kayanku ya cutar ba, kuma Amazon da manyan kantuna za su tambaye ku me ke cikin kayan kafin su karɓa. Tun kuna Kano ku tambayi mai haɗawa me da me ta zuba, ku rubuta a takarda, in an isa can a kai samfur lab a auna kafin a fara talla.