Kafin ku kwashe iyali da dabbobi zuwa sabuwar gona

Jama'a, ruwa za ku fara dubawa, ba ɗaki ba. Saniya ɗaya tana shan lita 40 zuwa 50 a rana lokacin bazara, akuya kamar lita 5. Ku yi kwana uku kuna jan rijiyar ko burtsatsen, ku ga ko tana ƙafewa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, hanya ta bushe, harawa da kara sun samu.

Abin da aka fi sakaci da shi: sharar magina. Ƙusa, guntun waya, buhun siminti, leda. Shanu ba sa tantancewa, haɗiyewa suke yi. Ƙusa kan huda tumbi ta kai ga zuciya, sai ka ga dabba ta daina ci tana nishi. A bi filin garken da maganaɗisu, a share shi tas kafin a kafa turke.

A yi wa dabbobin rigakafin ciwon huhu mako 2 zuwa 3 kafin tafiya, kada a yi ranar lodi. A zuba yashi ko ƙaiƙayi a cikin mota inda za su tsaya saboda santsi, a yi lodi da asuba, a raba bijimai da 'yan maruƙa. Mai tsohon ciki a bar ta sai ta haihu.

Ku tafi da dusar da suka saba ci, ta mako guda aƙalla. Canjin abinci farat ɗaya na kawo kumburin ciki da zawo.

Kaji kuwa da dare ake kamawa, a kulle su a akurki kwana 5, in ba haka ba su watse.

Ku gaisa da mai unguwa da ardo, su nuna muku burtali.