Yadda ake horar da masu karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe a jihar Tawa

Duk wanda zai shirya horo ga masu karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, to ya fara da lissafin lokaci. Maganin hana kamuwa da ƙwayar cutar Sida yana amfani ne idan an fara shan sa cikin awa 72, wato kwana 3, ƙwayar hana ɗaukar ciki kuma cikin awa 120, wato kwana 5. A jiha mai faɗi kamar Tawa, inda mace za ta taso daga wani ƙauyen Keita ko Buza ko Abalak, kwana ukun nan kan ƙare kafin ta ga ma'aikacin lafiya: ranar farko ta yi shiru, ta biyu iyaye na shawara, ta uku ana zaure wurin mai gari. Wadda ta samu ta iso kuwa, kalma ɗaya maras daɗi a bakin ƙofa ta isa ta mayar da ita gida. Saboda haka aikin horon shi ne kowane mahalarci ya iya abin da zai faɗa da abin da zai yi a awar farko, da bakinsa da hannunsa, ba sai ya buɗe littafi ba.

Su wa za a gayyata

An saba aika majo, wato shugaban masu jinya, ko ungozoma ɗaya daga kowace ƙaramar cibiyar lafiya (CSI), sauran a bar su. Amma mai gadi ne farkon wanda za ta gani, sai mai rubuta sunaye, kuma su ne ke tambaya da ƙarfi a gaban layi, "Me ya kawo ki?" A haɗa da su, da jandarma ko ɗan sandan da ke karɓar ƙara, da ma'aikacin kula da jama'a, da mace mai tafinta, tunda a arewacin jihar akwai masu zuwa da Tamajak ko Fulatanci kawai. Ɗan'uwan mai abin, wato wadda aka yi wa fyaɗen, ba ya zama tafinta, komai gaggawa.

Mutum 15 zuwa 20 sun isa, a kwana 5, da masu koyarwa biyu, ɗaya daga ciki mace. Kwana biyun farko a zauna tare, sa'an nan a ware masu aikin jinya don abin da ya shafi jiki da magani. Takardun koyarwa galibi da Faransanci suke, amma gwaji duk a yi shi da Hausa, don da ita za a yi wa mai abin magana.

Kafin a fara a kafa doka ɗaya: babu mai ba da labarin kansa, babu mai kawo labarin wata da ya taɓa dubawa, ko da ya ɓoye suna. Unguwa da shekaru kaɗai sun isa a gane mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, don haka a ɗauka cewa cikin masu zaman nan ma akwai wadda abin ya taɓa. Wanda ya tashi ya fita, kada a tambaye shi dalili.

Abin da ke cikin zuciyar mai karɓa

Ranar farko ta gyaran tunani ce. A karanta magana ɗaya bayan ɗaya, masu yarda su tsaya dama, marasa yarda hagu: "Wadda ba ta yi ihu ba ta yarda." "Babbar mace ba a iya yi mata ƙarfi." "Namiji ba a yi masa fyaɗe." Kada a kunyata wanda ya tsaya inda bai dace ba, idan aka kunyata shi zai yi shiru ya koma da ra'ayinsa. A bar su su yi gardama, daga baya mai koyarwa ya kawo abin da aka tabbatar. Tsananin tsoro yakan sandarar da jiki har murya ta ƙi fita. Mafi yawan masu aikata laifin sanannu ne, maƙwabci ko dangi ko wanda ke da iko a kanta. Yara maza da manyan maza su ma ana yi musu, kuma sun fi jinkirin faɗa.

Awar farko

Nan ne ya kamata a kashe rabin lokacin horon. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2014 abu biyar ne: saurare, tambayar abin da take buƙata, gaskata ta, duba tsaronta, da haɗa ta da masu taimako. Haddace su ba wuya, aikata su ne ke son maimaici.

A raba mutane uku uku, ɗaya mai abin, ɗaya mai karɓa, ɗaya mai lura da takarda a hannu. Minti 10 na gwaji, 5 na gyara, sai a sauya. Mai karɓa ta rufe ƙofa, ta ajiye waya da biro, ta zauna daidai da ita, ba bayan tebur ba. Ga irin buɗewar da ake so:

"Sannu da zuwa, ɗiyata. Zauna nan, ga ruwa. Babu mai shigowa. Abin da kika so ki faɗa, ki faɗa. Wanda ba ki so, ki bar shi."

Ga wadda ta rako ta kuma: "Inna, don Allah ki ɗan jira mu waje, haka muke yi wa kowa." Wannan "haka muke yi wa kowa" yana da amfani ƙwarai, domin wani lokaci mai rakiyar ce ke hana magana, wani lokaci ma a gidanta mai laifin yake.

Da wuya mace ta ce fyaɗe kai tsaye. Za ta ce marata ke ciwo, ko "wani ya tare ni a hanyar rijiya", ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Mai karɓa ta bi ta da kalmomin da ita ta zaɓa, ta jure shiru ko da ya kai minti guda. Mai lura ya riƙa ƙirga abubuwan da suka fi ɓata aiki: tambayar "don me", kamar "Don me kika fita da dare?", wadda ke shiga kunne kamar tuhuma, katse magana, gaggawar cewa "ki yi haƙuri, ƙaddara ce" tun ba ta gama ba, da alkawarin abin da ba a da iko a kansa, irin "wallahi sai an ɗaure shi". Abin da ake so ta ji a fili shi ne, "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne."

Kada a sa ta maimaita labarin ga mutum huɗu. Mutum ɗaya ya ji, ya rubuta, da izininta ya isar. Kafin ta tafi a tambaye ta ko gidan da za ta koma akwai haɗari, a kuma tambaye ta kai tsaye ko tunanin kashe kanta ya zo mata. Tambayar ba ta jefa mutum cikin wannan tunani, kuma mahalarta da yawa suna tsallake ta don nauyin baki.

Jiki da magani

Ba a jiran takardar jandarma kafin a ba da magani, kuma kai ƙara ba sharaɗi ba ne. A nemi izininta a kowane mataki, a bayyana abin da za a taɓa kafin a taɓa, a rufe sauran jiki da zane. Idan ta ce a tsaya, a tsaya; maganinta na nan ko ta ƙi a duba ta. Yarinyar da ba ta balaga ba, ba a sa mata ƙarfen duba al'aura.

Maganin hana Sida na kwana 28 ne, ga manya ƙwaya ɗaya a rana mai haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir, ga yara kuma gwargwadon nauyinsu. A yi gwajin Sida, amma kada jiran gwaji ya jinkirta ƙwayar farko. A ba ta na kwana 28 ɗin gaba ɗaya, don wadda ta fito daga nesa ba lalle ta samu kuɗin mota ta dawo ba. A gaya mata za ta iya jin tashin zuciya ko ciwon kai ko rashin barci a kwanakin farko, domin wadda ba a gaya wa ba ita ce ke dainawa a mako na farko. Ƙwayar hana ɗaukar ciki, levonorgestrel miligiram 1.5, sau ɗaya ake sha, kuma gara da wuri. Idan ta yi amai cikin awa 2 a sake ba ta. Mahalarta su iya bayyana wa iyaye cewa wannan ƙwayar hana ɗaukar ciki take yi, ba ta zubar da wanda ya riga ya shiga. Sai maganin ciwon sanyi da tunjere bisa ƙa'idar ma'aikatar lafiya, rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin kwana 14, da na tetanos idan akwai rauni. A guji ba da diazepam don a kwantar da hankali. Ba ya warkar da firgici, kuma jiki na sabawa da shi. Wadda ta zo bayan kwana 5 ma ba a sallamar ta hannu wofi: akwai gwajin ciki, maganin cututtuka, da saurare. Ranakun dawowa su ne bayan mako 2, wata 1, wata 3 da wata 6.

Iyaye ko jami'ai za su zo da buƙatar a duba "ko budurwa ce". A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu suka yi kiran a daina wannan gwaji, domin duban tantanin budurci ba ya tabbatar da an sadu da mace ko ba a sadu ba, sai dai ƙarin wulaƙanci. A gwada yadda za a ƙi cikin ladabi, don ƙin ya fi wuya idan mai nema babba ne.

Takardar likita da shari'a

Kowane mai jinya ya cika takardar likita ta gwaji, a gyara masa a wurin. A rubuta maganarta kamar yadda ta faɗa, sa'an nan abin da ido ya gani: wurin rauni, girmansa da santimita, launinsa. Ba a rubuta "an yi fyaɗe" ko "ba a yi ba", wannan hukuncin alƙali ne. Idan ba a ga rauni ba, a rubuta cewa rashin rauni bai kore abin da ta faɗa ba, domin da yawa ba a samun rauni a jikinsu. Tufafin shaida a shanya su su bushe, a sa kowanne a ambulan na takarda. Leda na riƙe danshi, shaidar ta lalace.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, a gyaran da aka yi mata a 2003, ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga mai fyaɗe, 15 zuwa 30 idan wanda aka yi wa bai kai shekara 13 ba. A gayyato alƙalin yara ya bayyana abin da ya wajaba a kai rahoto, da wakilin ANAJJ, hukumar da ke ba marasa hali taimakon shari'a. Babbar mace ita ke zaɓar kai ƙara ko bari. Inda doka ta tilasta a sanar da hukuma, a faɗa mata wannan tun kafin ta fara bayani. Sulhun da ake yi a zaure, a biya kuɗi ko a ɗaura mata aure da wanda ya cuce ta, ba aikin mai karɓa ba ne ya shiga ciki ko ya kai saƙo.

Fayil ba ya ɗaukar suna, lamba ake sa masa, a kulle shi a durowa mai makulli a hannun mutum ɗaya ko biyu. Hoton takarda ko na rauni ba ya shiga WhatsApp, ko da na ma'aikata ne.

Ranar ƙarshe kowace tawaga ta zana hanyar turawa ta yankinta a takarda guda: wa ake kira da dare, ina maganin yake idan mai makullin ɗakin magani ya tafi gida, wa zai biya mota zuwa asibitin gunduma ko cibiyar uwa da yaro ta Tawa. A kira kowace lamba nan take a ji ko tana shiga. Kowa ya kuma zaɓi abokin aiki da zai riƙa zama da shi sau ɗaya a wata, su sauke nauyin abin da suke ji ba tare da ambaton suna ba; wanda ya fara rashin barci ko saurin fushi da masu zuwa, a rage masa wannan aikin na ɗan lokaci.

Bayan wata 3 masu koyarwa su bi sawu wurin aiki. Su buɗe akwatin magani su duba ranar lalacewa da ko akwai maganin yara, su karanta takardun likita biyar da aka cika, su tambayi mai gadi abin da zai yi idan mace ta iso ƙarfe biyu na dare. Inda aka sauya wa wanda aka horar wurin aiki, a horar da wanda ya maye gurbinsa a cikin watan.